Sarauta da Bashi: Yadda Hausawa Ke Ɗaure Taronsu

A birnin Kano ko gwauro yana da sarki. Nalako ake ce masa, kuma idan azumi ya kai goma aka shiga tashe, shi ne ke fitowa da yaransa suna bin unguwanni suna farautar mazan da aurensu ya mutu ba su sake wani ba. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, a ɗaura masa igiya, a rataya masa tarkace, a zaga gari da shi ana kiɗa yara na ihu. Kowa ya san wasa ne. Amma wasan yana da shugaba, shugaban yana da sarauta, kuma fada ta san da zamansa.

Makafi suna da Sarkin Makafi, kutare da guragu kowa da nasa. Mahauta suna da Sarkin Pawa, maƙera Sarkin Maƙera, wanzamai Sarkin Aska, masunta Sarkin Ruwa, maharba Sarkin Baka. Da mota ta shigo ƙasar, ba a daɗe ba aka sami Sarkin Tasha. A ƙarƙashin yawancin waɗannan kuma za ka tarar da Galadima da Madaki da Ciroma, an ɗauko jerin muƙaman fada ɗungurungum an dasa a rumfar nama ko a maƙera. Bahaushe ba ya sakewa a cikin taron da bai san wane ne babba ba, kuma da zarar mutane sun haura biyar suna abu ɗaya, to wani zai sami laƙabi, ko da wasa aka fara.

Wannan sarauta tana da aikin yi. Ɗauki Sarkin Pawa ranar kasuwa. Shi ke duba dabbar da za a yanka, kada a kawo mara lafiya ko ta sata. Idan mahauta biyu suka saɓa a kan cinikin sa, gabansa za su durƙusa kafin maganar ta kai ga alƙali, kuma galibi a nan take mutuwa. A zamanin da, ta hannunsa harajin sana'a ke bi zuwa fada, idan sarki ya yi baƙi shi ake aika wa a nemo nama, shi kuma yana da ɗan kasonsa a kan abin da aka yanka. Ta haka mai mulki ba ya bukatar sanin kowane mahauci a garinsa, mutum ɗaya ya ishe shi. Mahauci ma ba ya bukatar zuwa fada, yana da bakin da zai yi magana a madadinsa. M. G. Smith, ɗan ƙasar Jamaika da ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya lura da yadda mutane ke bambanta sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da rana tsaka, karda da shigege, da yadda ake jera sana'o'in kansu hawa-hawa. Wannan jerin yana da ɗaci. Har yau akwai gidajen da za su hana ɗan mahauta ko ɗan makaɗa aure, ko da ya fi su ilimi da abin hannu, kuma babu wata hujja a addini ko a hankali da ta goyi bayan haka.

Tun ana yara ake koyon wannan tsari. A ƙauyukan da, samarin gari suna da Sarkin Samari, 'yan mata suna da tasu shugabar, wadda a ƙasar Zazzau ake kira Mama. Su ke shirya dandali, su ke cin tarar wanda ya yi rashin kunya, su ke tara jama'a idan an yi biki. Bayan kaka, lokacin kalankuwa, samari kan naɗa wa junansu muƙamai su yi ta mulkin wasa na 'yan kwanaki, da sarki da alƙali da dogarai, har da Razdan da Di'o bayan zuwan Turawa. Yaron da ya yi alƙalin kalankuwa ya riga ya san yadda ake sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara tun gemu bai fito masa ba. A Nijar, bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 ya rushe jam'iyya, wannan tsohon tsarin ya ɗauko ya mayar da shi na hukuma da sunan Samariya, ana gina azuzuwa da gyaran hanyoyi da wasannin gargajiya da shi. Ya gane cewa ba sai ya koya wa kowa yadda ake yi ba.

Sai dai sarauta kaɗai ba ta riƙe taro. Tana nuna inda za a kai ƙara ne, da wanda zai yi magana. Abin da ke sa mutum ya bar aikinsa ya fito idan an kira shi, bashi ne. Bashin nan ba a kai mutum kotu a kansa, kuma ba a so a gama biyansa.

A gida yake farawa. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya daga safe zuwa wajen azahar, sauran yinin kowa ya wuce gayaunarsa. Uba ke ciyarwa daga rumbun gandu, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa auren fari. Ɗa yana bin uba aure da tuwo, uba yana bin ɗa ƙarfi. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna cewa gandu ba kasafai yake daɗewa bayan rasuwar uba ba. Wa ba ya bin ƙane irin bashin da uba ke bin ɗa, don haka sai a raba gona kowa ya ja nasa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne gayya. Mai gona ya ga ciyawa ta fi ƙarfinsa, ko saurayi yana so ya nuna kansa a gidan surukai, sai a aika wa Sarkin Samari da goro a sa rana. Tun daren jajibere mata ke kan daka da dama fura. Da sassafe samari za su hallara da garemaninsu, makaɗa su rataya gangar noma, a jeru a bakin gona kowa ya kama kuyyarsa. Ganga na tashi sai ƙura ta tashi. Makaɗi ya san taken kowa, ya san uban kowa, ya san wanda kakansa ya yi dami dubu aka naɗa shi Sarkin Noma. Yana bin bayan wanda ya yi gaba yana zuga shi, sannan ya juyo kan wanda aka bari a baya ya tambaye shi ko jiya bai ci tuwo ba ne. 'Yan mata suna gefe da ƙoren fura da tulun ruwa, suna kallo, wani lokaci a saki guɗa. Dattijon da aka yi wa gayyar yana zagawa yana cewa, "Sannunku da aiki, samari. Allah ya yi albarka, Allah ya bar zumunci." Su amsa, "Amin, Baba," ba tare da sun ɗago ba, don wanda ya ɗago an wuce shi.

Akwai wani injiniyan aikin gona a Faransa, Max Ringelmann, da ya buga sakamakon wani gwaji a 1913. Ya sa mutane jan igiya, ɗaya-ɗaya sannan a taro, ya tarar cewa duk sa'ad da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane mutum ke sawa raguwa yake yi. Masana halayyar jama'a har gobe suna koyar da wannan, cewa mutum yakan ɓuya a cikin taro ya bar wa wasu nauyi. Manoman ƙasar Hausa ba su san Ringelmann ba, amma sun san ragon da ke fakewa da jama'a, kuma gayya an gina ta ne yadda ba shi da maɓoya. Kuyyarka taka ce kai kaɗai, kowa yana ganin inda ka kai, makaɗi yana kiran sunanka da na ubanka, yarinyar da kake nema tana tsaye. Aikin na taro ne, kunyar ta mutum ɗaya ce.

Ba a biyan ɗan gayya ko anini. Abin da ya samu shi ne fura da tuwo da goro, da kuma sanin cewa ranar da ya kira za a zo. Wanda aka gayyata sau biyu bai fito ba, babu wanda zai ce masa uffan, amma ranar da jinkar ɗakinsa ta tashi ɗauka zai ga hannu nawa gare shi.

Kada a yi wa gayya kwalliyar da ba ta da ita. Aikinta na sauri ne, kuma mai gona yakan koma bayan kwana biyu ya tarar an binne ciyawa da ranta. Abincin da ake dafawa wani lokaci ya kai kuɗin 'yan ƙwadago. Gayyar mai hali tana cika maƙil, ta talaka sai 'yan uwa. Idan kuwa hakimi ne ya kira, sunanta gayya amma babu mai iya cewa a'a, kuma a kan wannan turbar Turawa suka bi suka ɗora aikin tilas, har zuwa ɗiban gwamna na shekarun 1942 zuwa 1944, lokacin da aka kwashi dubban mutane daga ƙauyuka zuwa haƙar kuza a Jos. Yau ƙwadago da maganin feshi da tarakta sun ci yawancin gayyar gona. Inda ta rage da ƙarfinta shi ne yashe kwata kafin damina, gyaran maƙabarta, da cike ramukan hanyar da hukuma ta manta da ita.

Mata su suka fi kowa iya lissafin wannan bashi, wataƙila don su ba su da dandali ko kasuwa bayan aure, sai gidajen biki da na suna. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da ƙawaye. Ƙawance a wurinsu ƙulla shi ake yi da kyauta da shaidu, kuma akwai na tsara da tsara, akwai na babba da ƙarama, inda ɗaya ke zama yaya ko uwar ɗaki. Ƙa'idar biki a wancan zamani ita ce ninki. Na kawo miki sule biyu ranar sunan ɗanki, ke kuma ki kawo mini huɗu ranar nawa, ni in mayar da takwas. Idan abin ya yi nauyi sai a sasanta a dawo ƙasa a sake farawa. Wanda bai san dawan garin ba zai ce wannan wauta ce, me ya sa ba za a mayar da daidai abin da aka karɓa ba? Ai mayar da daidai sallama ce. Matar da ta kawo miki daidai abin da kika kai mata, ba ƙari ko na sisi, ta gaya miki ne a fakaice cewa kowa ya kama gabansa. Muddin akwai saura a tsakani, dole a sake haɗuwa.

Ninkin ya ragu yanzu, amma lissafin yana nan. A gidan biki za ka ga an zaunar da wata 'yar makaranta kusa da uwar amarya da littafi da biro, tana rubuta wance ta kawo atamfa da dubu biyar, wance ta kawo kula saiti ɗaya. Littafin nan ƙarƙashin katifa ko cikin akwati yake kwana, kuma ranar da aka kawo katin bikin gidan wance shi za a fara buɗewa. Anko ma haka yake. Wadda ta yi naki, ko da bashi za ki yi nata.

Adashi shi ne wannan ɗabi'a da aka yi wa ƙa'ida da rana. Mata goma, a misali, kowace tana zuba dubu biyu duk Juma'a, a haɗa dubu ashirin a ba mutum ɗaya, mako na gaba a ba wata, har a zagayo. Mai ƙarfi tana iya shiga da hannu biyu ta kwasa sau biyu. Uwar adashi ke tara zubi, ita ke tsara layi, ita ke aika yarinya gidan wadda ta yi jinkiri, kuma idan wata ta gaza, a wuyanta abin yake. Saboda haka ba kowa take karɓa ba. Sai ta san gidanki, ta san sana'arki, ta san wadda ta kawo ki. Layin kuma yana lanƙwasuwa. Wata za ta shigo da yamma ta durƙusa ta ce, "Hajiya, don Allah a taimaka mini da kwasar wannan makon, an sa ranar yarinyar nan, ko gado ban saya ba." Hajiya ta ce, "To, ba tawa ba ce, ta Yaya ce. Bari in aika mata, in ta yarda shi ke nan." Yaya kuwa kusan kullum takan yarda, don ita ma tana da 'ya'ya mata. Wani bashin ke nan ya hau kan na farko.

Babu riba a adashi, abin da ka zuba shi za ka kwasa, kuma a shekarun nan da farashi ke tashi kowane wata, mai kwasar ƙarshe asara take yi a ɓoye: kuɗinta sun cika, amma buhun da za su saya a farkon zubi yanzu sai rabi. Duk da haka ba a daina ba, don amfaninsa na farko shi ne ya raba mace da kuɗinta kafin miji ko ɗa ko baƙo su gan su. "Na zuba a adashi" amsa ce da ba a ja da ita. Wadda kuwa ta kwasa ta daina zubi, hukuncinta a bakin mata yake. Kafin wata ya ƙare labarinta ya zaga gidajen suna uku, kuma ba za ta sake samun mai karɓar hannunta a unguwar ba.

A 1991 ƙungiyar CARE ta ɗauki wannan al'ada a yankin Maraɗi ta yi mata gyara, aka sa wa tsarin suna Mata Masu Dubara. Maimakon a kwashe duk mako, sai a tara a asusu, mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zango a fasa a raba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta, kuma alamarsa ita ce akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban. Kwaɗon nan uku suna faɗin wani abu. Da zarar kuɗi sun fara kwana a hannun ƙungiya, kunya kaɗai ba ta isa gadi.

Maza kuma suna da majalisa. Dakali ne a ƙofar gidan wani dattijo, ko tabarma a gindin darbejiya, ko bencin mai shayi. Ba ta da rajista, ba ta da kuɗin shiga, amma baƙo yana zama zai san ba tasa ba ce, don kowa yana da wurin zamansa kuma hirar tana da tarihin da bai sani ba. Inda ake ciyayya, bayan magariba kowane gida zai fito da kwanonsa a haɗa a ci tare, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya sa hannu babu mai ganewa, ko kuma a yi kamar ba a gane ba. Irin wannan rukuni ne Charles Cooley na Amurka ya bayyana a 1909, na mutanen da ke ganin juna ido da ido kullum, inda a cewarsa ake ƙera halin mutum. Hausawa sun yarda da shi ɗari bisa ɗari, shi ya sa idan ana binciken mai neman aure, bayan an tambayi asalinsa da sana'arsa, sai a tambayi inda yake zama. 'Yan majalisa su ne masu kai kuɗin aure, su ne masu karɓar gaisuwa, su ne 'yan gaba a ɗaukar makara. Su ne kuma masu yanke wa unguwa hukuncin wane ɗan siyasa ne mutumin kirki, kuma mai ra'ayin da ya saɓa yakan haɗiye abinsa don kada zama ya yi tsami. Gulma ma a nan take kwana, kodayake maza sun fi so a ce ta mata ce.

A Nijar samari sun yi tasu, suna kiranta fada. Ta yaɗu ne a shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya ƙafe, 'yan makaranta suka gama karatu babu abin yi. A Damagaram da Maraɗi da Yamai za ka ga sunan fada an rubuta a jikin bango, samari a ƙasa kewaye da ɗan murhun gawayi da buta, ana dafa shayi zagaye uku, na farko da ɗaci na ƙarshe da zaƙi. Ana karo-karon kuɗin sukari, akwai shugaba, akwai mai dafawa, kuma da yawa suna gadin layinsu da dare. Ko sunan da suka zaɓa ya isa shaida: marasa aikin yi ne, amma fada suka kafa.

Tsakanin rukuni da rukuni kuma akwai wasa. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, maƙeri da Buzu, kowa yana da izinin ya zagi ɗan uwansa a bainar jama'a a yi dariya, kamar yadda taubasai ke yi har su bi juna kuɗin shara a watan cika-ciki. UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam a 2014.

Gwajin gaske na kowane tsari shi ne ranar da ya bar gida. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan tashi da ayarin da ya kai mutum dubu ko fiye, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, tafiyar watanni ta cikin ƙasashen da ba nasu ba. Kowane falke dukiyarsa yake juyawa, ba kamfani ba ne. Amma a hanya maganar mutum ɗaya ake ji, madugu. Shi ke sa ranar tashi, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana tara abin da aka yanka wa kowa, malamin ayari yana duba sa'a yana jan salla yana riƙe da lissafi. Gari guda ne ke tafiya da ƙafa. Inda suka saba yada zango kuwa sai wasu su zauna, a yi Sarkin Zango, a yi limami. Da yaƙin basasa ya tarwatsa garin Salaga na ƙasar Gwanja a 1892, 'yan kasuwarta suka watsu zuwa Kumasi da wasu garuruwan ƙasar Gana ta yau, kuma duk inda suka sauka tsarin nan suka sake kafawa.

Cikin irin waɗannan zanguna, unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ita ce aka fi yin nazarinta, saboda zaman bincike da Abner Cohen ya yi a can a 1962 da 1963. Matsalar 'yan Sabo mai sauƙin faɗa ce. Shanun da aka koro daga Arewa ba sa daɗewa a kurmi saboda tsando, dole a sayar da wuri. Mahautan gari kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. Goro shi ma ba ya jira. Saboda haka dole a ba da dukiya mai yawa bashi, ga mutumin wata ƙabila, babu takarda babu banki. Wanda ya ɗaure wannan ciniki shi ne mai gida. Shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa, kuma ya tsaya masa idan mahauci ya ƙi biya. Jarin mai gida sunansa ne. Ranar da aka ce kuɗin baƙo sun salwanta a gidansa, labarin zai riga shi isa Kano, kuma ba mai sake sauka wurinsa. Mahaucin da ya ci bashi shi ma duk masu gida za su haɗa baki su hana shi ko ƙaho. Cohen ya nuna cewa da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Hausawa a farkon shekarun 1950, sai mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya kusan gaba ɗayansu, suka ware masallacin Juma'arsu. Wazifar kowace yamma ta zama wurin da kowa ke ganin kowa. Ibn Khaldun ya riga ya faɗa a Muƙaddimarsa tun 1377 cewa asabiyya, wato jin mu ɗaya ne, tana ƙara ƙarfi idan ta haɗu da kiran addini.

Igiyar da ta ɗaure ayari ita ce kuma ta ɗaure daba. Ƙungiyoyin farauta da 'yan tauri na unguwannin Kano suna da manyansu da yaransu da wurin zamansu, kuma tun rigingimun jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950 'yan siyasa suka gane amfanin samarin da ba sa gudun junansu. Yaron da ya shiga daba yana samun abin da ɗan majalisa ke samu: wanda zai ciyar da shi, wanda zai je belinsa, wanda zai rama masa. Bashin ne a nan ya koma na jini. An sari namu, sai mun sari nasu, su ma su ninka, kuma babu uwar biki da za ta ce a dawo ƙasa a sake farawa. Masu wa'azi a kan daba sukan ce yaran ba su da tarbiyya. Ni a ganina biyayya ce ta yi musu yawa, ga wanda bai cancanta ba.

Yau zamanin ƙungiya ce mai takarda. Tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwar waya, masu Keke Napep, matasan unguwa, marubuta, kowa da tsarin mulki da hatimi da shugaba da sakatare da ma'aji da mai binciken kuɗi, wasu har da rajistar hukumar CAC da zauren WhatsApp. Ba sabon abu ba ne sosai, Jam'iyyar Mutanen Arewa ma a matsayin ƙungiyar al'adu ta fara kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Max Weber na Jamus ya siffanta irin wannan tsari da cewa kujera daban mai zama a kanta daban, doka a rubuce take kuma ba ta san fuskar kowa ba. Haka yake a takardun ƙungiyoyinmu. Amma duba shafin farko, sama da sunan shugaba, za ka ga iyayen ƙungiya: mai unguwa, wani alhaji, wani tsohon ma'aikaci. Ranar zaɓe kuma sau da yawa ba a kaɗa ƙuri'a, sai a ce an yi maslaha, wane ya janye wa wane don ya girme shi.

Ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo a hannun ma'aji ake gane wace doka ce ke aiki. Tsarin mulki ya ce a dakatar da shi a kai shi gaban hukuma. Matasa a taro suna ta ɗaga sashe kaza sakin layi kaza. Sai wani ya ce a bari a je wurin Alhaji tukuna. Bayan isha'i za a taru a zaurensa, ma'aji a rakuɓe a bakin ƙofa, wansa a gefensa. Alhaji zai saurari kowa, sannan ya ce, "Yanzu ku in kun kai shi wurin 'yan sanda, gobe da wane ido za ku kalli mahaifiyarsa? Ba ita ta yi muku abincin taron bara ba?" Shugaba ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, amma kuɗin marayu ne a ciki." Alhaji ya ce ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, wan ya ɗauki wani abu, saura ma'aji ya riƙa biya duk wata. A rubuta a littafin taro cewa an warware matsalar cikin fahimtar juna. Ba za a kore shi ba. Zaɓe na gaba sai a ba shi muƙamin mai ba da shawara na musamman, littafin kuɗi kuma a miƙa wa wani, wannan karon da sharaɗin sai mutum uku sun sa hannu kafin banki ya saki ko naira ɗaya.